Ina Aka Kwana a Binciken Cututtukan Ƙwaƙwalwa da Jijiyoyi? Tambayoyi da Amsoshi

Shekaru da dama, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi gwani ne wajen gane ciwo da faɗin sunansa, amma in aka zo batun magani sai hannunsa ya zama fayau. Wannan hali ya fara sauyawa, musamman daga 2015 zuwa yau. Sauyin bai zo daidai-wa-daida ba: wasu cututtukan an yi musu babban giɓi, wasu an ɗan taɓa su ne kawai, wasu kuma har yanzu suna nan daram. Ga tambayoyin da aka fi yi, da abin da bincike ya tabbatar a kansu.

Me ake nufi da cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi? Ba taɓin hankali ba ne?

Ba ɗaya ba ne, ko da yake suna maƙwabtaka. Ana nufin cututtukan da ke lalata ƙwaƙwalwa ita kanta, ko lakar gadon baya, ko jijiyoyin da ke kai saƙo zuwa gaɓoɓi: shanyewar ɓarin jiki, farfaɗiya, cutar mantuwa, cutar karkarwa ta Parkinson, ciwon kan ɓari ɗaya, sanƙarau, lalacewar jijiyoyin ƙafa saboda ciwon suga, da sauransu da yawa. Wani babban nazari da aka fitar a 2024 tare da Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2021 mutum fiye da biliyan 3 ne ke ɗauke da ɗaya daga cikin irin waɗannan larurori, wato sama da mutum ɗaya cikin uku. Idan aka haɗa su wuri ɗaya, su ne kan gaba wajen jawo rashin lafiya da naƙasa a duniya.

Me ya sa maganinsu ya fi na sauran cututtuka wuyar samu?

Ƙwaƙwalwa ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kowace tana da mahaɗa dubbai da 'yan uwanta. Fata in ta yanke tana warkewa, hanta tana sake tofowa, amma ƙwayar jijiyar ƙwaƙwalwa in ta mutu, galibi ta tafi ke nan. Sannan akwai wata katanga tsakanin jini da ƙwaƙwalwa wadda ke hana guba shiga, kuma ita ce dai ke hana mafi yawan magunguna shiga. A ƙarshe, cututtuka irin su Alzheimer da Parkinson suna yin shekaru goma ko ashirin suna ɓarna a ɓoye kafin a ga alama. Kafin iyali su ankara, gara ta riga ta cinye rabin azara.

Idan mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki, akwai abin da za a iya yi masa nan take?

Akwai, kuma a ganina nan ne aka samu ci gaban da ya fi kowane girma a wannan fanni, ko da yake bai samu yayatawar da ta kamace shi ba.

Kusan kashi 85 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki gudan jini ne ke toshe hanyar jinin da ke ciyar da wani sashe na ƙwaƙwalwa. Ragowar kuwa fashewar jijiyar jini ce. Tun 1996 ake da allurar alteplase mai narkar da gudan jini, amma sai an yi ta cikin awa huɗu da rabi da farawar alamomi, kuma sai hoton ƙwaƙwalwa ya tabbatar ba zubar jini ba ce, domin in fashewa ce allurar ƙara ɓarna za ta yi. Yanzu wata 'yar uwarta, tenecteplase, tana karɓar wurinta a asibitoci da yawa saboda ita tsira ɗaya ake yi a gama, ba sai an rataya ƙarin ruwa na awa guda ba.

Babban sauyin ya zo a 2015, lokacin da gwaje-gwaje biyar, na farkonsu daga Holan, suka tabbatar da amfanin ciro gudan jinin da hannu. Likita yana huda jijiyar jini a matsematsi ko a wuyan hannu, ya zura wani siririn bututu, yana kallon allo, ya bi da shi ta ƙirji, ta wuya, har cikin kai. In ya isa wurin toshewar sai ya buɗe wata 'yar raga ta ƙarfe ta kama gudan jinin, ko ya zuƙo shi. Abin da ke fitowa bai wuce tsawon gaɓar yatsa ba, baƙi-baƙi, kamar ba shi ne ya kwantar da ƙato ba. A allo za a ga jini ya sake malala cikin rassan da ɗazu suka ɓace. Akan samu majinyacin da ya shigo bakinsa a karkace, hannu ba motsi, ya ɗaga hannun tun yana kan teburin aiki. A 2018 aka nuna cewa wasu majinyatan za su iya amfana har zuwa awa 24, idan hoto ya nuna akwai sashen da bai gama mutuwa ba.

Amma kada wannan awa 24 ta yaudari kowa. An ƙiyasta cewa a kowane minti ɗaya na babbar toshewa, ƙwayoyin jijiya kusan miliyan 1.9 ke mutuwa. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta sarƙe, ko gani ya ɗauke farat ɗaya: a nufi asibiti mai na'urar hoton ƙwaƙwalwa nan take. Kada a ce bari ya kwanta ya huta, kada a ba shi abin sha domin yana iya shaƙewa, kuma a riƙe lokacin da aka ga mutumin lafiya lau na ƙarshe, domin ita ce tambayar farko da likita zai yi.

An ce an samo maganin cutar mantuwa ta Alzheimer. Gaskiya ne?

An samo abin da ke rage mata gudu kaɗan. Ba a samo mai warkar da ita ba, ba a ma samo mai tsayar da ita ba.

Tun 1906 likitan Jamus Alois Alzheimer ya ga wasu dunƙule-dunƙule a ƙwaƙwalwar wata majinyaciyarsa bayan rasuwarta. Daga baya aka gane furotin iri biyu ne: amiloid da ke taruwa tsakanin ƙwayoyin jijiya, da tau da ke cukurkuɗewa a cikinsu. An shafe shekaru ana gwada magungunan share amiloid suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Sai a Yulin 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba lecanemab cikakkiyar amincewa, a Yulin 2024 kuma ta amince da donanemab. A gwajin lecanemab da aka yi da mutum 1,795 na tsawon wata 18, taɓarɓarewar tunani ta ragu da kashi 27 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda ba su samu maganin ba.

Me wannan ke nufi a gida? Majinyaci zai ci gaba da mantuwa, sai dai a hankali, kamar an ƙara masa 'yan watanni na gane hanya da riƙe lissafinsa. A gwaje-gwajen, ta jijiyar jini aka riƙa sa maganin a asibiti, lecanemab duk mako biyu, donanemab duk wata. Ga masu farkon cutar kawai yake aiki. Yana kuma iya jawo kumburi ko ɗigon jini a ƙwaƙwalwa; kusan mutum ɗaya cikin takwas ya samu kumburin a gwajin lecanemab, kusan ɗaya cikin huɗu a na donanemab, kuma an samu waɗanda suka rasu. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya gaji ƙwayar gado ta APOE4 daga uwa da uba duka. Saboda tsada da ƙanƙantar amfanin, hukumar da ke tantance magungunan da gwamnati za ta biya a Ingila ta ƙi amincewa da su biyun.

Ina ganin masu cewa an yi nasara da masu cewa ba a yi komai ba duk sun wuce gona da iri. Ƙofar da aka yi shekaru ana bugu ta ɗan buɗe. Iyalin da ke jinyar tsohon da ya daina gane 'ya'yansa ba su da abin ɗauka a nan tukuna, kuma zalunci ne a sa musu rai.

To akwai hanyar gano ta da wuri, ko ta kauce mata?

A Mayun 2025 FDA ta amince da gwajin jini na farko da ke taimakawa wajen gano Alzheimer, wanda ke auna wani nau'in tau. Kafin nan sai an ɗebi ruwan laka ko an yi hoto mai tsada. An yi gwajin ne domin masu alamun mantuwa, ba domin lafiyayyen da ke son duba gabansa ba.

Batun kaucewa ya fi ban ƙarfafa. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa suna da alaƙa da abubuwa 14 da za a iya gyarawa. Daga ciki akwai hawan jini, ciwon suga, kitsen jini, shan taba, barasa, ƙiba, rashin motsa jiki, bugun kai, gurɓatacciyar iska, kaɗaici, da raunin ji ko gani da aka bari ba a kula ba. Mutane kan yi mamakin na ji, amma kunnen da ya daina ji yana janye mutum daga hira, ƙwaƙwalwa ta rasa abin taunawa. Akwai kuma wani bincike mai ban sha'awa daga yankin Wels na Birtaniya da aka buga a 2025: tsofaffin da suka samu rigakafin ƙurajen nan masu raɗaɗi da ƙwayar ƙarambau ke tayarwa a tsufa sun samu raguwar kamuwa da mantuwa da kusan kashi 20 cikin 100 a shekaru bakwai. Ana ci gaba da neman dalili.

Cutar Parkinson fa? Har yanzu tsohon maganin nan ake sha?

Har yanzu levodopa, wanda aka fara cin moriyarsa a ƙarshen shekarun 1960, shi ne uban tafiya. Yana maye gurbin sinadarin dofamin da ƙwaƙwalwa ta daina samarwa. Matsalarsa ita ce bayan shekaru aikinsa yakan riƙa ɗaukewa yana dawowa, mutum yana tafiya sai ya ƙame. Domin haka aka fito da ɗan famfo da ke ɗiga maganin ƙarƙashin fata dare da rana, wanda Amurka ta amince da shi a 2024.

Akwai kuma dasa siririyar waya a can cikin ƙwaƙwalwa, a haɗa ta da batir ƙarƙashin fatar ƙirji, dabarar da Alim-Louis Benabid ya fara a birnin Grenoble na Faransa a 1987. Wanda ya ga lokacin da ake kunna na'urar ba ya mantawa: hannun da ke kaɗawa har ruwa na zuba daga kofi sai ya lafa cikin daƙiƙoƙi, mutum ya kai kofin bakinsa. A 2025 aka amince da sabon samfurin da ke sauraren ƙwaƙwalwa yana daidaita ƙarfin wutar da kansa. Ga masu karkarwa kuma akwai hanyar tattara igiyar sauti a ƙona ɗan ɗigon wuri a ƙwaƙwalwa ba tare da an fasa kai ba.

Duk waɗannan alamomi suke dannewa, cutar tana ci gaba a ƙasa. Masu son kai wa ga saiwa suna gwada dasa sababbin ƙwayoyin dofamin da aka sarrafa daga ƙwayoyin asali, wato ƙwayoyin jiki da ke iya rikiɗa su zama wasu nau'o'in. A Afrilun 2025 aka buga sakamakon ƙananan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Kyoto ta Japan da mutum 7, ɗaya a Amurka da Kanada da mutum 12. Ƙwayoyin sun rayu, ba su zama ƙari ba. Wannan shi ne abin da aka tabbatar. Ko suna warkarwa, sai manyan gwaje-gwaje sun faɗa. An kuma sa rai a kan exenatide, maganin ciwon suga, amma babban gwajin da aka yi a Birtaniya ya nuna bai rage gudun cutar ba.

Farfaɗiya tana warkewa?

Mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 nasu za su iya daina faɗuwa gaba ɗaya in sun samu maganin da ya dace suna sha a kan kari. Wasu, musamman yara, akan janye musu maganin a hankali bayan shekaru biyu ko fiye ba faɗuwa, bisa shawarar likita. Ga waɗanda magani biyu suka gaza a kansu, akwai sababbi irin su cenobamate na 2019, akwai kuma tiyatar cire ɗan wurin da wutar ke tashi. A wani gwaji a Kanada a 2001, kashi 58 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyatar sun rabu da faɗuwa mai gusar da hankali, a waɗanda suka tsaya kan magani kaɗai kuwa kashi 8 ne.

Abin da ke ci mini rai a nan ba ƙarancin bincike ba ne. Kusan kashi 80 cikin 100 na masu farfaɗiya suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma a mafi talaucinsu kashi uku cikin huɗu ba sa samun magani, alhali magungunan farko tsofaffi ne masu araha. Yaro ya bar makaranta, budurwa ta rasa mijin aure, magidanci ya faɗa wuta ko ruwa, a kan ciwon da ƙwaya ɗaya ko biyu a rana za ta riƙe. Tun wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa wani rubutun likitocin Girka ya ce farfaɗiya daga ƙwaƙwalwa take kamar kowane ciwo, amma har gobe ana gudun mai ita. Ba a ɗaukarta ta yawu, ba a ɗaukarta ta taɓawa.

In ta tashi wa mutum a gabanku, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki. In jijjigar ta lafa a juya shi ya kwanta ta gefe. In ta wuce minti biyar, asibiti. Mace mai shan valproate kuma ta yi magana da likita kafin ta ɗauki ciki, domin yana iya cutar da ɗan tayi. Amma kada ta yanke shi da kanta.

Mene ne gyaran ƙwayar gado, kuma ya yi aiki a kan wata cuta?

Ya yi, kuma misalin da ya fi fitowa fili shi ne cutar shanyewar tsoka ta jarirai da ake kira SMA, wadda ke samun kusan jariri ɗaya cikin 10,000. Ƙwayar gado guda ɗaya ce ke da matsala, sai jijiyoyin da ke motsa tsoka su mutu. A nau'i mafi tsanani, jariri ba ya iya zama, kuma yawanci ba ya kai shekara biyu ba tare da na'urar numfashi ba. A 2016 aka samu nusinersen da ake yi ta laka, a 2019 aka samu Zolgensma wanda sau ɗaya ake yi ya kai lafiyayyar ƙwayar gado cikin jiki, a 2020 kuma risdiplam na sha. Yaran da aka yi wa magani kafin alamomi su bayyana, da yawansu suna zama, suna tafiya. Wanda aka makara kuwa, abin da ya mutu ba ya dawowa, shi ya sa ƙasashe da dama suka sa gwajin cikin na jarirai sababbin haihuwa. Zolgensma ya fito a kan dala miliyan 2.1, wanda a lokacin babu maganin da ya kai shi tsada.

A cutar ALS mai kashe jijiyoyin da ke motsa tsoka, wadda masanin kimiyya Stephen Hawking ya yi fama da ita, an samu tofersen a 2023, amma domin kusan kashi 2 cikin 100 na majinyata ne masu matsala a ƙwayar gado ta SOD1. A cutar Huntington, wata cutar gado mai lalata ƙwaƙwalwa, kamfanin uniQure ya sanar a Satumban 2025 cewa maganinsa ya rage gudun cutar sosai a shekaru uku, sai dai mutanen kaɗan ne, kuma tiyata ce ta sa'o'i da yawa.

Ciwon kan ɓari ɗaya da cutar MS, akwai sabon labari?

A ciwon kan ɓari ɗaya, wanda ke damun mutum sama da biliyan ɗaya, an gano wani sinadari mai suna CGRP da ke tashi lokacin ciwon. Daga 2018 aka fara samun allurai da ƙwayoyi masu tare shi, kuma kusan rabin masu amfani da su kwanakin ciwonsu kan ragu da rabi.

MS kuwa garkuwar jiki ce ke cin rigar da ke lulluɓe jijiyoyi. Magunguna irin su ocrelizumab na 2017 sun rage tashinta ƙwarai. A 2022 nazarin bayanan sojojin Amurka fiye da miliyan 10 ya nuna haɗarin kamuwa da ita yana ninkuwa sau 32 bayan kamuwa da ƙwayar cutar Epstein-Barr. Kusan kowane baligi yana ɗauke da wannan ƙwaya, ƙalilan ne ke samun MS, amma binciken ya sa an duƙufa neman rigakafinta.

Da gaske ne ana dasa na'ura a kai mutum ya yi magana ko tafiya da tunani?

Da gaske ne, amma a matakin gwaji, ga mutane 'yan ƙalilan. Tun 2004 aka dasa irin wannan na'ura a wani shanyayyen matashi a Amurka ya motsa kibiyar kwamfuta. A 2023 ƙungiyar Edward Chang a San Francisco ta sa wata mata da ta yi shekaru 18 ba magana bayan shanyewar jiki ta fitar da kalmomi kusan 78 a minti, kimanin rabin saurin hira. Ba karanta zuciya na'urar ke yi ba: matar tana ƙoƙarin motsa leɓe da harshe ne, na'urar ta ɗauki saƙon da ƙwaƙwalwa ta aika, kwamfuta ta mayar da shi kalmomi. A shekarar dai, a Lausanne ta Suwizalan, Grégoire Courtine da Jocelyne Bloch suka haɗa gada tsakanin ƙwaƙwalwa da lakar wani mutum da haɗarin keke ya shanye wa ƙafafu, ya miƙe, ya taka da abin dogarawa, har ya hau matakala. Kamfanin Neuralink, wanda ya fi kowa suna, sai a Janairun 2024 ya yi dashensa na farko a mutum.

Me ya haɗa ƙwaƙwalwar ƙuda da lafiyar ɗan Adam?

A Oktoban 2024 aka kammala taswirar ƙwaƙwalwar ɗan ƙaramin ƙudan da ke bin 'ya'yan itace: ƙwayoyin jijiya kusan 140,000 da mahaɗai sama da miliyan 50. Mai gyaran rediyo ba ya gyara abin da bai san yadda wayoyinsa suka bi ba, kuma ƙudan nan yana da takwarorin mafi yawan ƙwayoyin gadon da ke jawo cuta a mutum. Domin a ga nisan tafiyar: masu bincike na Harvard da Google sun zana taswirar ɗan yankin ƙwaƙwalwar mutum da bai kai ƙwayar shinkafa ba, suka samu mahaɗai miliyan 150 a ciki.

Na ga tallan asibitin da ke warkar da Parkinson da shanyewar jiki da allurar ƙwayoyin asali. In kai mahaifina?

A'a, ina roƙonka kada ka kai shi. Ƙwayoyin da aka dasa a gwajin Kyoto an shafe shekaru ana sarrafa su su zama masu samar da dofamin, aka sa su ta tiyata a daidai wurin da ake buƙata, aka bi majinyatan shekara biyu ana duba ko ƙari zai fito. Wanda zai ɗura wa mutum wani ruwa ta jijiya ko ta laka ya ce yana maganin cututtuka goma ba wannan aikin yake yi ba, kuma an samu waɗanda ƙari ya fito musu a laka bayan irin wannan allura. Ka tambaye su: a mutum nawa aka gwada, da wa aka kwatanta, a wace mujalla aka buga, wace hukuma ta amince? Gwaji na gaskiya yana da rajista, yana da kwamitin da ke sa ido, kuma ba kasafai ake cajin majinyaci kuɗin maganin da ake gwadawa ba. Kuɗin da za a kashe a can, a sa su a ganin likitan jijiyoyi, da maganin hawan jininsa kada ya yanke, da mai gashin ƙashi da zai riƙa motsa masa hannun nan da ƙafar kullum.